Kun Tambaya, Mun Amsa: Kebul Mai Tsada Yana Ƙara wa Sauti Daɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'abocin sauraren kiɗa da karatu ne a kwamfuta. Wata huɗu ke nan da na sayi DAC, 'yar akwatin nan da ake sawa tsakanin kwamfuta da lasifika, kuma na ji canji sosai. To sai wani abokina ya zo ya ga kebul ɗin USB da nake aiki da shi, wanda ya zo a cikin kwalin, ya kwashe da dariya, wai na sayi doki na ɗaura masa akalar jaki. Washegari ya kawo nasa, mai kaurin yatsa, bakinsa ruwan zinariya, wai har da azurfa a cikinsa. Muka sa, kuma wallahi Malam na ji kamar sautin ya fi buɗewa. Kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin DAC ɗin. In saya ko in haƙura?

*Daga wani mai karatu*

AMSA: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. Muddin kebul ɗin cikin kwalin lafiyarsa ƙalau, ba ka jin tsinkewa, ba ka jin ƙugi, to mai azurfar ba shi da abin da zai ƙara maka. Na san wannan amsar ba za ta shige ka ba tunda da kunnenka ka ji. Ni ma an taɓa ba ni irinta na ƙi yarda, kuma zan ba ka labarin a gaba. Bari mu fara da abin da ke cikin kebul ɗin.

Babu sauti a cikin kebul ɗin USB, ko ɗigo. Wayar da ta tashi daga amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, zuwa lasifika, ita ce ke ɗauke da sauti, domin wutar da ke cikinta hawa da sauka take yi daidai da yadda muryar ke hawa da sauka. Duk abin da ya taɓa wannan wutar ya taɓa abin da za ka ji. Shi kuwa USB lambobi yake kaiwa. Ɗauki sauti irin na faifan CD: ana auna shi sau 44,100 a kowane sakan, ana rubuta kowane awo da bit 16, wato jerin sifili da ɗaya guda goma sha shida, sannan a yi wa kunnen dama nasa, a yi wa na hagu nasa. In ka lissafa za ka samu bit 1,411,200 a sakan. Waɗannan lambobin su ne DAC ke karɓa ya mayar da su sauti. Aikin tafinta yake yi, kuma shi ya sa da ka saye shi ka ji canji na gaske: ka sauya tafinta ne, ka bar na cikin kwamfuta ka koma wa wanda ya fi shi iya aiki.

Yanzu ka ɗauka wani yana karanta maka lambar waya kana rubutawa. Ko da murya mai zaƙi ya karanta, ko da muryar mai mura, in dai ka ji bakwai a matsayin bakwai, mutum ɗaya za ka kira. Zaƙin muryar ba zai sa wanda ka kira ya fi sakin fuska ba. Kafin kebul ya sa amon ganga ya ƙara kauri, ko muryar mawaƙi ta fito gaba, sai ya sauya dubban lambobi a kowane sakan, kowace da gwargwadon da ya dace da ita, bisa wani lissafi mai tsari. Wannan aikin manhaja ne, ko na wani guntun kwakwalwar lantarki. Zaren jan ƙarfe bai iya lissafi ba, zaren azurfa ma haka.

Kuma kayan ba su yi wa hanyar nauyi ba. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000 kuma mafi yawan DAC ke aiki da shi har yau, yana iya ɗaukar bit miliyan 480 a sakan. Sautin CD bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku na wannan ba. Ko manyan fayilolin nan masu bit 24 da awo 192,000 a sakan, abin da suke ci bai wuce miliyan tara da ɗoriya ba.

In ka taɓa yanka tsohon kebul, za ka ga zare huɗu ne a ciki. Ja yana kai wuta, bolt 5. Baƙi shi ne layin ƙasa. Fari da kore, waɗanda aka murɗe su da juna, su ne ke kai lambobin. Murɗewar nan ba ado ba ce. Na'urar da ke karɓa bambancin da ke tsakanin zaren biyu take dubawa, don haka in wata hayaniyar lantarki ta faɗo daga waje, za ta faɗa wa dukansu kusan daidai wa daida, bambancin ya zauna yadda yake. Ƙa'idar USB ta ƙayyade yadda za a yi waɗannan zaren, ta kuma ce tsawon kebul kada ya wuce mita 5. Duk kebul ɗin da ya cika ƙa'idar ya gama aikinsa. Af, ka dubi bakin naka da kyau: in mai kusurwa huɗu ne ta wajen DAC, to irinsa ɗaya ne da na firinta, ba wani na musamman ba ne.

Azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da wuta, gaskiya ne, da kamar kashi shida cikin ɗari. A tsawon mita ɗaya ko biyu wannan ba ya mayar da sifili ɗaya. Ruwan zinariyar bakin kuma amfaninsa hana tsatsa, kuma kebula masu araha da yawa suna da shi.

Masu tallar irin wannan kebul suna da hujja biyu da suke yawan kawowa, kuma ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Rabin gaskiya ce, wadda ta fi ƙarya wuyar kamawa.

Ta farko, sukan ce USB ba ya gyara kuskure a harkar sauti. Haka ne. In kana kwafar fayil zuwa filash, aka samu ƙunshin bayani ɗaya ya lalace a hanya, sai a sake aiko shi. Sauti kuwa da wani tsari dabam ake aika shi, wanda ya fifita isowa a kan lokaci: ƙunshi yana bin ƙunshi, har sau 8,000 a sakan, kowanne da lambar tantancewa a jikinsa. In lissafin tantancewar bai fita ba, an san ƙunshin ya lalace, amma ba a sake aiko shi, domin lokacinsa ya riga ya wuce. Saboda haka mugun kebul yana iya ɓata maka sauraro. Sai dai ka lura da irin ɓatawar: za ka ji “tas!”, ko ƙas-ƙas, ko sautin ya ɗauke ya dawo, ko kwamfuta ta ce ba ta ga na'urar ba gaba ɗaya. Ba abu ne da sai mai kunnen zinariya zai gane ba, yaro ma zai ɗago kai. Kuskure ba ya zaɓen inda zai faɗa, balle ya zauna ya rage wa waƙa armashi kaɗan-kaɗan daga farko har ƙarshe.

Ta biyu ita ce maganar lokaci, kuma ta fi ta farko nauyi. Bai isa a ce lambobin sun iso daidai ba, dole DAC ya fitar da su a kan kari, tazarar da ke tsakanin kowane awo da na bayansa ta zama ɗaya. In agogon da ke ba da wannan karin yana rawa, sautin yana gurɓata, kuma ana iya auna gurɓatar. Tsofaffin DAC na USB da yawa daga isowar ƙunshin kwamfuta suke tsintar karinsu, kamar makaɗin da ke bin tafin wanda bai iya tafi ba. Mafi yawan na yanzu da agogonsu suke zuwa. Suna tara lambobin a wani ɗan ma'aji, suna ɗiba da karin kansu, kuma su ne ke gaya wa kwamfuta ta ƙaro ko ta rage. Kamar randa ce mai famfo a gindi: ko mai zuba ruwan ya kwara da yawa yanzu, ya kwara kaɗan an jima, abin da ke fita ta famfon bai san ana yi ba, in dai randar ba ta ƙafe ba kuma ba ta tumbatsa ba. A irin wannan DAC, kebul ba shi da hannu a lokaci. A tsofaffin ma, in an samu rawar, ƙirar na'urar da ita kanta kwamfutar ne manyan masu laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaren nan biyu da ba a cika maganarsu ba, ja da baƙi. Cikin kwamfuta wuri ne mai hayaniyar lantarki, kuma layin ƙasa yana iya jawo wannan hayaniyar ya kai ta ɓangaren DAC da ke fitar da sauti. Alamarta sananniya ce. Wani lokaci siririn tsiwa ne da ke canzawa in ka motsa maus ko ka buɗe wani shafi. Wani lokaci ƙugi ne mai kauri da ba ya tsayawa, wanda ke bin bugun wutar gida, sau 50 a sakan, ko 60 a ƙasashe irin su Amurka. Wannan yakan faru ne in kwamfuta da amfilifaya kowacce tana da hanyarta ta zuwa ƙasa ta soket, ga kuma kebul ya sake haɗa su, sai aka samu zobe, wuta ta riƙa zagayawa a cikinsa. Mai irin wannan matsalar in ya canza kebul yana iya jin ƙugin ya ɗan sauya, sai ya ɗauka ya gano bakin zaren. An bar jaki ne ana dukan taiki. Mai azurfar ma yana da baƙin zaren, kuma ta nan ɓarawon ke shigowa.

Gwajin ba shi da wuya. In kwamfutarka ta tafi-da-gidanka ce, tsayar da kiɗan, ka ɗan ƙara murya, ka zare caja ta koma kan batir. In ƙarar ta ɗauke, ka kama mai laifi. Maganin shi ne ka haɗa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, ko ka yi amfani da wayoyin sauti masu baki uku irin na situdiyo in na'urorinka suna da kafarsu, ko ka sa 'yar na'urar da ke raba wutar kwamfuta da ta DAC ta bar lambobi kawai su wuce, ko ka koma wa kebul mai aiki da haske in akwai kafarsa, tunda haske ba ya ɗaukar wuta. Abu ɗaya nake roƙonka: kada wani ya ce ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ƙafar nan ita ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a cikin na'urar.

To me ka ji ranar da abokinka ya zo? Ga labarin da na yi maka alkawari. Shekarun baya na sayi irin wannan kebul, mai riga saƙaƙƙiya, a cikin kwali kamar na agogon hannu. Daren farko na zauna har tsakar dare ina jin abubuwan da na rantse ban taɓa ji ba a waƙoƙin da na haddace: numfashin mai waƙa kafin ya ɗauki baiti, yatsa yana zamewa a kan tsirkiya. Na yi sati biyu ina ba mutane labari. Ƙanena, wanda ba ruwansa da harkar sauti kuma ba ya jin kunyar musu da ni, ya ce in juya baya shi zai riƙa canzawa. Muka yi sau goma sha shida. Na ci bakwai. Wanda ya toshe kunne ya yi ta cinta ma zai iya fin haka. Abin da ya fi ba ni haushi, numfashin nan da yatsan nan duk suna nan a tsohon kebul ɗin. Tun can suna nan, ban taɓa kasa kunne na neme su ba ne sai da na kashe kuɗi.

Don haka ban ce ƙarya kake ba, ban ce abokinka mayaudari ba ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan harkar maganar ta wuce karin magana. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun nuna cewa in aka sa wa mutum muryar da ke cewa “ba”, alhali yana kallon leɓen da ke cewa “ga”, da yawa “da” suke ji. In sun rufe ido sai “ba” ɗin ta dawo. Sautin bai canza ba, ido ne ya shiga aikin kunne. Kai kuma ka ga kauri, ka ga zinariya, ka ji kuɗin, ga abokinka a gefe yana kallon fuskarka yana jiran ka gyaɗa kai. Ƙari a kan haka, kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan sakanni, kuma kafin a zare wannan a sa wancan, kwamfuta ta sake gane na'urar, lokacin ya wuce. Akwai kuma wani tarko: in aka sa sabon kebul a wata kafar dabam, kwamfuta takan ɗauki DAC ɗin kamar baƙo ta ba shi wani ƙarfin murya. Ƙarin da bai kai a lura da shi a matsayin ƙari ba, kunne yakan fassara shi da “ya fi buɗewa”.

Ka aro kebul ɗin na yini ɗaya kafin ka ba kowa ko sisi. Samu mutum na uku, ba abokin naka ba. Ya sa wa kebul ɗaya suna A, ɗayan B, ya rubuta A da B a ƙananan takardu biyu, ya riƙa zara yana mayarwa har sau goma sha shida, ya rubuta jerin ya ɓoye, sannan ya riƙa sa kebulan bisa wannan jerin. Kafa ɗaya za a yi amfani da ita, kada a taɓa murya, kuma ko jerin ya nuna kebul ɗaya sau biyu a jere, sai ya zare ya mayar don kada ka gane ta jin motsi. Kai kana zaune ka ba da baya, kana sauraren gaɓa ɗaya ta waƙa ɗaya, kana rubuta abin da kake zato. Kada ya ce maka komai sai an gama. In ka ci 12 ko fiye, abin dubawa ne, domin mai cinta zalla ba ya kai nan sai kamar sau huɗu cikin ɗari. In haka ta faru, rubuto mini, kuma abin da zan fara zargi shi ne tsohon kebul ɗinka yana da lahani.

Kuɗin kuma, in suna ƙaiƙayin aljihu, kai su wajen lasifika ko abin sawa a kunne. Kafin nan ma, janye lasifikan daga jikin bango, ka ɗaga su su yi daidai da kunnenka, ka sa tazararka da kowanne ta zama ɗaya. Wannan canjin ko ƙanena ba zai yi musunsa ba.

TAMBAYA: Malam, ina naɗar darussa da makirufo mai USB. Saboda ƙarar fankar kwamfuta na matsar da ita nesa, na haɗa kebul biyu da mahaɗi. Tun daga nan nake jin ƙas-ƙas a cikin naɗin, wani lokaci kalma guda ta ɓace. Kebul mai tsada zai magance?

*Daga wata mai karatu*

AMSA: Malama, ke kam kebul ɗin ne, amma tsawonsa ne matsalar, ba arhar sa ba. Auna su biyun a haɗe. In sun haura mita 5 kin fita daga ƙa'ida, kuma mahaɗin tsakiya ma yana ƙara nasa. Ga wuta: makirufon daga kwamfuta yake sha, kafar USB 2.0 kuma ba ta ba da fiye da rabin amfiya, kuma duk yadda zare ya ƙara tsawo da sirantaka, wutar da ke isa ƙarshensa tana raguwa. Fara gwadawa da guntun kebul ɗaya kai tsaye. In naɗin ya fita tas, nemi dogon kebul mai ɗan ƙullutu a jiki wanda ke sabunta saƙon a hanya, ko akwatin raba kafofi mai cajarsa a tsakiya. In kuwa da guntun ma ana ƙas-ƙas, to ki wanke kebul daga zargi. Ƙara girman ma'ajin sauti a manhajar da kike naɗi da ita, ki kashe tsarin tsimin wuta da ke sa kafofin USB barci, in kuma kwamfutar tebur ce ki sa a kafofin baya.

TAMBAYA: Na sa DAC ɗina da wani kebul, fitilarsa ta kama, amma kwamfuta ba ta gan shi ba. Ya lalace ne?

AMSA: Da wuya. Wasu kebulan da ke zuwa da fitila ko ƙaramin lasifika na caji ne kawai, ja da baƙi ne a ciki, babu fari da kore. Canza wani. Kuma tunda maganar ta zo, kada abin da na faɗa a sama ya sa a ɗauka kowane tarkace ma ya yi. Bayan fitowar USB-C a 2014 kasuwa ta cika da kebulan da ba su bi ƙa'ida ba, har wani injiniyan Google, Benson Leung, ya shiga sayensu yana gwadawa yana wallafa sakamakon, kuma a 2016 ɗaya daga cikinsu, wanda aka haɗa zarensa a juye, ya ƙona masa kwamfuta. Sayi na kamfanin da aka sani, mai kauri daidai misali, wanda bakinsa ke zama daram ba ya girgiɗi.

TAMBAYA: Malam, na karanta inda ka taɓa cewa kebul ba ya canza sauti. To ni ina da 'yan gajerun mahaɗan nan biyu na USB-C da ake sa wa iyafis a waya, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi da tsabta nesa ba kusa ba. Ya ke nan?

AMSA: Kunnenka bai yaudare ka ba, kuma ban janye maganata ba. Mafi yawan waɗannan mahaɗan ba kebul ba ne zalla. A cikin kan nan da kake sokawa a waya akwai DAC sukutum da ɗan amfilifayansa, an matse su a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Tafinta biyu kake kwatantawa, kuma suna iya bambanta a ƙarfin da suke bayarwa da kuma shuu ɗin da ake ji in an yi shiru, musamman in iyafis ɗin mai saurin ɗaukar ƙara ne. Riƙe wanda ya fi, ɗayan ka jefa a jaka saboda ranar da wannan zai ɓata.